Ɗiyar Baura da Asalin Sarautar Arewa

Duk wanda ya zauna ya saurari maroƙa da dattawan Matankari suna jero nasabar sarakunan Arewa, tun daga kan Ari ɗan Sarkin Barno har zuwa ga waɗanda suka yi zamani da Nasara, zai lura da cewa silsilar ta maza ce zalla, uba ya bar wa ɗa, wa ya bar wa ƙane, alhali kuwa tushen al'amarin, in an bi shi da tahakiki, yana ga wata mace wadda galibin masu riwaya ba su kiranta da kome face ɗiyar Baura. A ganina an tauye mata hakki, domin ta hanyarta ne baƙi masu dawaki suka sami wurin zama a kwarin Dallol Mawri.

Kafin zuwan Ari, ƙasar tana hannun Gubawa, waɗanda riwaya ta ce wata Sarauniya ce ta jagoranto su daga Daura, ta yada zango a Lugu, ɗan'uwanta Baura kuma ya zauna a Bagaji. Ikon waɗannan gidaje biyu bai dogara da takobi ko jangali ba. Ya dogara ne da alkawarin da mutane suka yi imani kakanninsu sun ƙulla da iskokin ƙasa, ta yadda sharar daji, da haƙar rijiya, da roƙon ruwa in damina ta yi jinkiri, duk ba su inganta a idon jama'a sai da yardarsu. Mai ƙarfi yana iya cin gari da yaƙi, amma a aƙidar mutanen wancan zamani ba shi da ikon sa ƙasa ta ba da gero.

A cikin wannan hali ne, wajen ƙarni na 17 bisa kirdadon masu bincike, rundunar Barno ta iso, Ari ya auri ɗiyar Baura, ta haifa masa Akazama, wanda sarakunan Arewa suke jingina nasabarsu gare shi. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault, wanda ya tattara riwayoyin ƙasar ya wallafa su a 1970, ya nuna yadda al'umma ta kasu gida biyu tun daga nan: masu ƙasa a gefe guda, masu sarauta a ɗaya gefen. Abin da ya hana gidajen nan biyu rabuwa, duk da husuma da jayayyar gado da suka yi ta aukuwa tsakanin 'ya'yan sarki, shi ne cewa kowane Sarkin Arewa, kome yawan dawakinsa, jika ne a Bagaji, kuma Bahaushe ya san nauyin gidan kawu a kan ɗan ɗiya. Wanda ya san ƙissar Bayajida da Daurama zai ga irin wannan tsari: baƙo daga gabas, mace ta gidan asali, sa'an nan ɗa wanda ya haɗa jinin biyu ya gaji mulki.

Amma ɗiyan Lugu, nasu rabon ya fi wannan nauyi, domin su sarautar kanta suke ɗauka. Idan Sarauniya ta rasu ba a taron shawara, ba a kamun ƙafa. Ana yin abin da ake kira tarkama, wato a ɗauki gawar mamaciyar a bisa kai, a bi inda ta ja masu ɗauke da ita, har ta tsaya ga matar da za ta gaje ta daga cikin zuriyar gidan. Daga ranar nan matar ta bar rayuwar da ta saba, ta sa fararen tufafi, ta lazimci ɗakinta tana kaɗin auduga, masu buƙata suna zuwa gare ta daga nesa. Malami yana da ta cewa game da wannan ibada, kuma ya faɗa tun zamanin jihadin Shehu Usmanu. Amma mai tarihi wajibi ne ya shaida cewa mutanen sun riƙe amanar gidansu da gaske.

Shaidar haka ta bayyana a watan Afrilu na 1899, sa'ad da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin Kwara tana ƙone garuruwa, ta bi ta Matankari ta nufi Lugu. Ran 16 ga wata mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da baka da kibiya, har Faransawa suka ƙone harsashi wajen 7,000, aka kashe musu mutum 4, aka jikkata 6, kafin maharban su janye cikin ƙurmi. Rundunar ta wuce ta yi ta'asar Birnin Konni a watan Mayu, kuma kafin ƙarshen Yuli sojojinsu da kansu suka harbe shugabannin biyu.

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Mangu a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sun kyauta da suka fid da sunanta duniya, sai dai jarumar da suka zana, matashiya mai ɗamarar yaƙi, ta rufe wa mutane da yawa ido daga ainihin matsayin, wanda na tsaron ƙasa ne da haƙurin zaman ɗaki.

A 1906 Faransawa suka kafa bariki a Dogon Dutsi, kujerar Sarkin Arewa ta koma can, Matankari ta rasa matsayinta na babban birni. Gidajen masu ƙasa kuwa ba su gusa ba: Baura yana Bagaji cikin gundumar Matankari, Lugu tana cikin ta Dankasari, inda aka yi tarkama a 1983 ta faɗa a kan Sarauniya Aljima.