Tarihin Daji Da Masu Tsaronsa: Daga Ƙasar Katsina Zuwa Maraɗi

Mai karatu, duk wanda ya biyo hanyar Gwarzo ya faɗo Dayi, ya miƙa Malumfashi har Funtua, in dai ya ba shekara 40 baya, ba sai an gaya masa ƙasar nan ta yi sanƙo ba. Gonaki kam ga su nan, masara da dawa da auduga da waken suya, amma ɗorawa da kaɗanya da tsamiyar da ke cikinsu sai tsofaffi jefi-jefi, kuma ba ka ganin ƙananansu na tasowa a bayansu. Shi ya sa na ga ya dace yau mu ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, mu waiwayi tarihin daji da masu tsaronsa, domin mu ga wa ya tsare ya tsaru, wa kuma ya tsare ya lalace.

Kafin zuwan Turawa, daji a ƙasar Hausa ba kara zube yake ba. Akwai Sarkin Dawa da maharbansa, akwai mai gari da ke yanka wa baƙo gona, akwai burtalin da aka san na Fulani ne, akwai kuma kurmin da ba a shiga da gatari saboda tsoron iskokin da aka ce suna ciki. Itacen da ake ci kuwa yana da mai shi. A wurare da dama ɗorawar da ke cikin gona sananniya ce, an san wanda ke da ikon kaɗe ta, matan gida su yi daddawa da kalwarta. Haka kaɗanya, wadda ake yin mai da ƙwallonta. A Damagaram ma har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu da ya kafa hukunci mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo.

Da Turawan Ingila suka zo sai suka kawo nasu tsarin. An yi dokar daji a 1916, aka sabunta ta a 1937, aka shata gandun daji a ƙarƙashin En'e, aka ɗauki malaman daji masu kama mutane. A 1934 wani Bature masanin daji mai suna Stebbing ya zagaya ƙasashen nan ya koma yana cewa hamada na tafe za ta cinye mu, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce abin bai kai yadda aka zuzuta ba. Su ma Faransawa a nasu ɓangaren sun yi dokar daji a 1935, suka lissafa itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, ko da a gonar mutum suke.

To, a nan gizo ke saƙar. Niyyar dokar ita ce a tsare itace, amma abin da talaka ya fahimta shi ne itace na hukuma ne. Idan ka bar gawo ya girma a gonarka, gobe ka sari reshe ɗaya sai tara. Saboda haka mai wayo sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ya jawo masa malamin daji. Ga kuma noman zamani da ya zo da garmar shanu, wadda ba ta shiri da kututture. Mu a nan kudancin Katsina, shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975 ya kawo taki da irin masara, an kuwa amfana, sai dai manomin kirki a idon kowa ya zama wanda ya share gonarsa tas.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara babban shirin dashen itatuwa da tallafin ƙungiyar ƙasashen Turai, aka rena dashe aka raba wa manoma da makarantu, aka yi shingayen tare iska a arewacin jihar, kuma bedin da aka dasa a lokacin wasu na nan tsaye. Amma aikin da ke tafiya da kuɗin wani, ran da mai kuɗin ya janye hannu ran nan yake sanyi.

Yanzu bari mu tsallaka iyaka. Maraɗi ba baƙon wuri ba ne gare mu, domin sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Fari ya yi wa wannan yanki mugun ta'adi a 1973, ya sake dawowa a 1984. Gonaki suka zama fili fetal, iska na binne gero da rairayi tun yana tsiro, mutum ya yi shuka sau biyu sau uku, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki, wasu da kashin shanu da karan gero suke hura wuta. An yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suka mutu.

Ana cikin haka, a 1983, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da abin da manoma ke gani kullum ba su ɗauke shi komai ba. Ƙananan tsirran da ake sassabewa duk shekara kafin damina, ashe toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a buƙatar dashe ko ban ruwa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi toho mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5, a sare sauran, a rage ƙananan rassa daga ƙasa, a kuma kare su daga wuta da gatari. Tun da saiwar tsohuwa ce, cikin 'yan shekaru sai ka ga kalgo da sabara da gawo sun zama itace. Wannan shi mutanen Nijar suke kira sassaben zamani.

Manoman da suka fara an yi musu dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazamai ce. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona a ƙauyuka kusan 100. Mutane suka bari saboda hatsi, da aka daina rabo kuwa sai kamar kashi 2 cikin 3 na itatuwan suka sha gatari. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya biyo baya, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi, ga geron da iska ba ta binne ba. Gawo ma ya nuna halinsa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Daga nan maƙwabci ya fara koyo a wurin maƙwabci, ba tare da an biya kowa ba.

Sauran matsala ɗaya, ɓarayin itace masu zuwa da dare. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido na 'yan sa-kai, da maza da mata da makiyaya a ciki, suna zagaya gonaki, wanda aka kama a gurfanar da shi a ci shi tara bisa ƙa'idar da gari ya amince da ita. Shigar da makiyaya ba ƙaramar dabara ba ce, domin wanda aka yi doka da shi ba ya saurin karya ta. Hukuma ma ta sassauta. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na wajen 2005, sai suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, amma gatarin da ya yi aikin a hannun talakawa yake.

Mai karatu, ka gwada wannan da halin da muke ciki. Dajin Rugu, wanda yake gandun hukuma ne tun zamanin En'e, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, mutanen da ke gefensa sun sha wuyar da baki ba zai iya faɗa ba. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo cikin waɗanda za a mayar gandun ƙasa, abu ne mai kyau, sai dai tarihin da muka bi ya nuna takarda kaɗai ba ta tsare itace. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi ma shaida ne.

Mu a Dayi da kewaye ruwan da muke samu ya fi na Maraɗi nesa ba kusa ba, kuma kututturen marke da kanya da kalgo suna nan suna toho a gonakinmu duk bazara. Ƙungiyoyin sa-kai kuwa ba baƙi ba ne gare mu, da aikin gayya muka tashi, da shi ake gyara maƙabarta da yashe magudanar ruwa. Abin da ya rage shi ne masu unguwanni da ardo-ardo da matan da ke daddawa da matasa su zauna wuri ɗaya, a yarda cewa wanda ya rena itace nasa ne, a fitar da masu zagayawa, a yanke tarar da kowa ya sani. Bana in an zo sassabe, kowa ya bar ko da toho 10 ne a gonarsa, ya ɗaura musu tsumma don a san da mai su.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.