Ciwon Daji: Hanyar Samun Magani Kan Lokaci a Arewa Maso Yammacin Jigawa

Ciwon daji, wanda kuma ake kira sankara, na daga cikin cututtukan da jinkiri ke ƙara wa ƙarfi. Hukumar binciken cutar ta duniya, IARC, ta ƙiyasta cewa mutane kimanin dubu 128 ne suka kamu da shi a Najeriya a shekarar 2022, yayin da kusan dubu 80 suka rasu. Sankarar mama ce ta fi yawa.

Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a shekarar 2020 ya nuna cewa jinkirin magani na makonni huɗu kan ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a kammala gano sankarar mama cikin kwanaki 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Inda lokaci ke tafiya

Ga mazauna ƙananan hukumomin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, jinkirin yakan faro ne tun daga gida. Camfin nan da ke cewa daji ba ya son allura kan sa a shafe watanni ana jiƙe-jiƙe, ko a kai wa wanzami ƙari ya yi masa sakiya.

Sai kuma nisa. Asibitin karkara zai iya yin zargi kawai, domin ba a tabbatar da cutar sai an yanki ɗan nama daga ƙarin an duba shi a ɗakin gwaji, kuma ƙwararrun wannan aiki a manyan asibitoci suke. Yajin aiki ma na tsawaita jira, kamar wanda likitoci masu neman ƙwarewa suka yi na kusan watanni biyu a shekarar 2021.

Alamun da ba sa jira

Likitoci na gargaɗi game da ƙari a mama ko a wuya ko da ba ya zafi, da zubar jini bayan daina al'ada ko bayan saduwa, da jini a fitsari ko bayan gida, da wahalar haɗiya, da rama ba dalili, da gyambon da ya ƙi warkewa. Ba kowace alama ce daji ba, amma gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Matakan rage jinkiri

Matakin farko dai shi ne ganin likita a babban asibitin Kazaure ko na Babura, tare da neman takardar turawa wadda ta fayyace abin da ake zargi. Daga nan akasari Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake nufa, ganin cewa Kano ta fi Dutse kusa da yankin.

Yana da muhimmanci majiyyaci ya adana kwafin kowane sakamako, ya tambayi ranar fitowar gwajin nama, ya kuma bi sawu da kansa. Idan jini ya ɓalle ko numfashi ya yi wuya, sashen gaggawa ake zuwa ba tare da jiran ranar da aka bayar ba.

Gashi da kuɗi

Akwai cibiyar gashin daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, sannan a shekarar 2025 an buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kasancewar na'urorin kan lalace, ya kamata a tabbatar suna aiki kafin a kama hanya.

A shekarar 2021 ne gwamnatin tarayya ta fara aiki da asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet da ke kama maza. Asibitin Shika na cikin cibiyoyi shida da aka fara da su, kuma sakamakon gwajin da ya tabbatar da cutar ne ke buɗe ƙofar neman tallafin.