Karkatar da Jijiyar Tibiyal Don Magance Langaɓewar Ƙafa: Muhimmancin Irin Raunin

Jijiyar feroniyal, wadda ke zagaya kan ƙaramin ƙashin ƙwauri daga wajen gwiwa, ita ke kai saƙo ga tsokokin da ke ɗaga tafin ƙafa. Idan ta tsinke, ƙafa kan langaɓe, yatsu su riƙa jan ƙasa, mai tafiya ya dinga ɗaga gwiwa sama don kada ya yi tuntuɓe. Tun da wani likita mai suna Oberlin ya nuna a 1994 cewa ana iya tsakuro zare daga lafiyayyar jijiya a haɗa shi da reshen da ya mutu a hannu, likitoci suke neman irin wannan nasara a ƙafa. Wannan maƙala ta kwatanta rahotannin tiyata uku da aka buga, bisa ma'aunin ƙarfin tsoka na 0 zuwa 5.

Dalilin neman sabuwar hanya a fili yake. Rahoton Kim da Kline na Jami'ar Jihar Luwiziyana a 2004 ya nuna cewa idan aka cike giɓin da bai kai santimita 6 ba da guntun wata jijiya, kashi 75 cikin ɗari kan kai mataki na 3. Tsakanin santimita 6 da 12 sai ya koma kashi 38, fiye da haka kuma kashi 16. Jijiya kan tsiro kimanin milimita 1 a rana, tsoka kuwa ba ta jira fiye da wata 12 zuwa 18. Karkatarwa, wato haɗa zaren lafiyayyar jijiya da reshen da ya mutu, na rage wannan tazara.

Amma sakamakonta ya rabu biyu. Nath da abokan aikinsa a 2008 sun ba da rahoton majiyyata 14, inda 11 suka haura mataki na 3. Giuffre da abokansa na asibitin Mayo a 2012 sun yi wa mutum 11 aiki, 4 kaɗai suka kai mataki na 3 ko sama, wasu 4 ko motsi babu. Masu ɗora bambancin a kan ƙwarewar likita, a ganinmu, sun kauce wa hujja. A rukunin Nath, an ɗebo zaren wasu ne daga reshen sama na feroniyal ɗin kanta, wato rabin jijiyar na da rai. Na Mayo kuwa raunin gwiwa ne mai tsanani, inda jijiya ke miƙewa ta yage har kusa da mashigarta cikin tsoka. Reshen da za a ɗinka wa zare mai rai shi ma mai yiwuwa ya riga ya yi tabo. Ga kuma wani cikas: jijiyar tibiyal da ake ɗebo zaren daga gare ta, aikinta danna ƙafa ƙasa, don haka sai ƙwaƙwalwa ta koyi amfani da saƙon dannawa wajen ɗagawa.

Za a ce 7 daga majiyyatan Mayo sun daina sa takalmin tallafi, kuma wannan ci gaba ne. Haka ne, sai dai sauya wa igiyar tsokar tibiyalis ta baya mazauni na ba da irin wannan ko bayan shekaru, ba tare da an taɓa lafiyayyar jijiya ba. Wannan ya shafi asibitocinmu kai tsaye, inda wanda ya faɗi a babur kan fara zuwa wurin mai ɗori, ya iso bayan watanni sun shuɗe. Karkatarwa ta fi dacewa da wanda ya zo da wuri, aka kuma tabbatar a ɗakin tiyata cewa reshen da ke shiga tsoka lafiyayye ne.

Dole a yarda cewa rukunonin ƙanana ne, ba a raba majiyyata ta ƙuri'a ba, kuma lokacin bin sawunsu bai zo ɗaya ba.