Roba a ƙafar tankar yaƙi: tarihin abin da ba a nunawa ranar fareti

1/ Jama'a, in ana maganar tankar yaƙi kowa bakin bindigar yake kallo. Amma wani abin da kan ajiye tanka a bariki yana can ƙasa, cikin sarƙa: ƙananan tayoyin da nauyinta duka ke zaune a kansu. Ku biyo ni, zaren yana da ɗan tsayi.

2/ Tanka ba a kan sarƙa kaɗai take tafiya ba. Sarƙar titi ce da take shimfiɗa wa kanta, tayoyin su ke gudu a kai. T-55 tana da 5 a kowane gefe, T-72 tana da 6. Nauyin T-72 ya haura tan 40, to ku raba ku gani.

3/ Kowace taya wili ne na ƙarfe ko na alminiyam, an naɗa masa roba mai kauri wadda ba iska a ciki. Robar ce ke shanye jijjiga, ta rage ƙara, ta hana ƙarfe cin ƙarfe. In ta ɓare, wilin ya ci sarƙa, sarƙa ta ci wili, wata rana sarƙar ta zame gaba ɗaya.

4/ Yaƙin Duniya na Biyu ne ya koya wa duniya darajar robar nan. A 1942 Tarayyar Sobiyet ta shiga ƙarancinta, sai masana'antar Stalingrad ta riƙa fitar da T-34 da tayoyin ƙarfe ba roba a baki. Ƙara ta yi yawa, jijjiga tana kwance kusoshi.

5/ Dabarar da aka koma yi ita ce a sa mai roba a taya ta farko da ta ƙarshe, na tsakiya a bar su ƙarfe. Jamus ma haka: a 1944 ta sauya tayoyin Tiger zuwa masu bakin ƙarfe, ta ɓoye 'yar roba a ciki don tsimi.

6/ Mu ma abin ya shafe mu fa. Da Jafan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun roba da kuza. Sai ta juyo kan Najeriya: a Kudu, musamman yankin Benin, aka matsa lamba kan tatsar roba.

7/ A Arewa kuma aikin tilas aka ƙaƙaba, daga 1942 zuwa 1944. An kwashi talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Yaƙin Turawa, wuyan kakanninmu.

8/ To ya ake gyaran tayar? A nan za ku gane cewa mai faci na bakin Ƙofar Ƙaura da injiniyan soja dangi ne. Ba a yar da wili don roba ta cinye. Da farko a cire tsohuwar robar, ko da wuta ko da injin yanka.

9/ Sai a watsa wa wilin ƙananan tsakuwar ƙarfe da ƙarfin iska har ya fito fes, a duba ko ya tsage. Gefen da haƙoran sarƙa ke gogawa, in ya cinye, a cike shi da walda a daidaita. In wilin alminiyam ne, zoben ƙarfen da ke kare shi ake sauyawa.

10/ Daga nan a shafa gam na musamman, a sa ɗanyar roba, a rufe a mazubi, a dafa da zafi da matsi har ta kama. Dabarar dafa roba da farar wuta ce, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. A Amurka, rumbun soja na Red River da ke Texas ya yi suna kan wannan aiki.

11/ Mu dawo gida. A shekarun 1980 Najeriya ta sayi tankokin Vickers Mk 3 daga Ingila, ga T-55 na Sobiyet, ga ƙananan Scorpion, ga motocin ɗaukar soja masu sarƙa na Steyr daga Ostiriya. An ma yi shirin harhaɗa na Steyr ɗin a Bauchi, aikin bai yi nisa ba.

12/ Kun ga matsalar? Kowace ƙasa da girman tayarta da irin sarƙarta. Tayar Vickers ba ta shiga T-55. Kamar mai gareji ne da ya tara Peugeot da Toyota da Mercedes, kuma ba dilan safaya ko ɗaya a garin.

13/ Sai ga 1995. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a zamanin Abacha, Tarayyar Turai ta sa wa Najeriya takunkumin makamai. Wanda bai iya gyara kayansa a gida, ranar da mai sayarwa ya rufe ƙofa, ranar motarsa ta zama kwalliyar bariki.

14/ Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a 2014, sai aka shiga sayen gaggawa: T-72 daga Gabashin Turai, daga baya a 2020 VT-4 daga Sin. Wato an ƙara sabbin samfura a kan tsoffi, kowanne da tasa tayar.

15/ Ga shi ƙasarmu ba ta raga wa roba. Zafin Afrilu a Katsina ko Maiduguri yana haura digiri 40, ita kanta robar tana ɗaukar zafi daga ciki in ana gudu, yashi kuma yana shiga tsakanin taya da sarƙa yana gurza.

16/ Ba wai ba mu da tushe ba ne. DICON tana Kaduna tun 1964, makarantar injiniyoyin lantarki da kanikanci ta soja tana Auchi, ta masu sulke tana Bauchi. A 2019 an ƙaddamar da motar Ezugwu, haɗin gida. Itacen roba kuwa yana nan a Edo da Delta.

17/ Mu a Katsina da Birged ta 17 ke fama da 'yan bindigar daji, wannan ba labarin nesa ba ne. Motar da ke jiran safaya daga waje ba za ta isa Batsari ko Jibiya da daddare ba.

18/ Don haka in kun ji an ce an sayo tankoki, ku tambaya: a ina za a sake musu roba, wa aka koya wa aikin, nawa aka ware? 'Yan injiniya na jami'o'inmu da Hassan Usman Poly, ga batun furojet nan. Masu sani ku ƙara mana a ƙasa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.