Baitulmalin Sakkwato da Nauyin Sababbin Dokoki

Kafa doka ba shi da wuya, kuɗin zartad da ita shi ne aiki. Kowace doka tana bukatar alƙalin da zai yi hukunci, da malamin da zai rubuta, da dogarin da zai tsare ta, duk kuwa sai an biya su. To, daga ina kuɗin ke fitowa?

A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato, suka naɗa Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na biyu. Gwamna Lugga ya shaida wa manyan gari cewa ikon aza haraji ya koma hannun Gwamnati. A 1906 aka yi dokar haraji, aka tattara kuɗaɗen da talakawa ke biya iri iri, suka zama haraji da jangali. Gwamnati ta ɗauki kashinta, saura na Sarki da hakimai. Amma a lokacin nan ba a rarrabe kuɗin sarauta da na aikin jama'a ba.

Maganin wannan daga Katsina ya fito, inda Razdan Palmer ya fara kafa Baitulmali. Wajen 1911 aka baza tsarin a ƙasar Arewa, har Sakkwato. Daga nan Sarki, da alƙalai, da hakimai duk suka koma kan albashi. Tara da kuɗin shari'a kuma suka daina tsayawa hannun alƙali, sai Baitulmali.

Kowace shekara akan tsara ƙiyasi, watau lissafin abin da zai shigo da wanda zai fita, Razdan ya duba. Ma'aji ba ya fid da ko kwabo sai da kansa a cikin ƙiyasi. Saboda haka in sabuwar doka ta zo, kamar ta gandun daji, sai a buɗe mata kai don albashin malaman daji. In kuɗi bai isa ba, ko a rage wani aiki, ko a taɓa ajiya, ko a ƙara haraji. Kun ga ashe nauyin a wuyan manomi da makiyayi yake ƙarewa.

A 1976 aka soke En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Amma tambayar ma'aji tana nan: in kun ji an kafa doka, ku bincika wa zai biya.