Wa Ke Ciyar da Karen Farauta? Nazari Kan Kuɗin Riƙe Sana'ar, Daga Maitama Zuwa Dawa

Gabatarwa

Farauta da karnuka tana cikin tsofaffin sana'o'in Bahaushe. Tana da sarautunta, kamar Sarkin Dawa da Sarkin Baka, tana da kiɗan gangi da kirari da magungunan tsari. Masu nazarin al'ada sun fi karkata ga waɗannan, kaɗan ne suka tsaya kan abin da ke riƙe da sana'ar yau da gobe, wato kuɗi. Wannan nazari zai duba abin da riƙon karnukan farauta yake ci, da dalilin da ya sa naman dawa ya daina biyan wannan ɗawainiya, da hanyoyin da mafarauta ke bi su cike giɓin. Hujjar da za a kafa ita ce, farauta a yau tana rayuwa ne da kuɗin da ake samowa daga wajenta, kuma inda kuɗin ya fito shi ke tsara irin mafaraucin da za a samu.

Dalilin farawa daga Maitama

Babu mai sakin karnuka bayan zomo a titin Aguiyi Ironsi ko Gana. Maitama unguwa ce ta ofisoshin jakadanci da gidajen manya, a nan otal ɗin Transcorp Hilton yake, da hedikwatar hukumar zaɓe, da filin shaƙatawa na Millennium da aka buɗe a 2003. Amma kafin dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, wannan ƙasa gonaki ce da dazuzzuka na Gbagyi da maƙwabtansu, mutanen da suka haɗa noma da farauta. Da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, gine-gine suka ci gaba da tura daji baya, har mai neman nama ya koma sai ya nufi gefen Bwari, Kuje, Kwali ko Abaji.

Duk da haka Maitama ba ta rabu da farauta ba, domin nan kuɗin yake. A bakin ƙofofin gidajenta akwai masu gadi 'yan Arewa, wasunsu 'ya'yan gidan farauta ne, waɗanda ke aika wani abu gida duk wata. A cikin gidajen akwai masu hali da 'yan siyasa da ƙungiyoyin mafarauta ke kai wa kokon bararsu. Akwai kuma karnukan ƙasashen waje da ake ciyarwa da abincin buhu, likita na zuwa duba su har gida. Idan aka jera karen gadin Maitama da karen farautar ƙauye, za a ga kare biyu masu aiki, ɗaya kuɗinsa na fitowa daga albashin maigida, ɗayan ana sa ran shi zai nemo abin da za a ciyar da shi.

Inda kuɗin ke tafiya

Abu na farko shi ne abinci, kuma a nan tushen matsalar yake. Farauta da karnuka aikin rani ce. Sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan a shiga dawa, daga wajen Disamba zuwa faɗuwar ruwa. Wata biyar ke nan ko ƙasa da haka. Shi kuwa kare wata goma sha biyu yake ci. A da ƙanzo da sauran tuwo da dusa da ƙasusuwan kwata sun wadatar, domin gida babba ba ya rasa ragowa. Yanzu ragowar ta yi wuya. Hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, dusa ta zama hajar da masu kiwon kaji da masu turkar tumaki ke rububi, ƙashi ma mahauta sayar da shi suke yi. Kare mai yunwa kuwa ba ya cim ma gada, kuma ba a gyara shi a mako guda kafin fita, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne lafiya. Kaska da ƙuma da ƙazuwa da tsutsar ciki suna rage wa kare ƙarfi, ƙayar beguwa da haƙorin mugun dawa da sarar maciji suna kashe shi. Mafi hatsari shi ne ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma masana sun nuna cewa sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin a katse yaɗuwarsa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin wannan allura, amma kai ta ƙauye cikin sanyi da maimaita ta duk shekara kuɗi ne. Karen farauta yana cuɗanya da namun daji da rana, da dare ya kwana kusa da yara, don haka wannan kuɗi ne da bai kamata a yi tsimi a kansa ba.

Na uku shi ne sufuri. Tunda nama ya yi nisa, farautar yini ta ƙafa ta ragu, an koma farautar kwana, a ɗauki shatar mota a loda mutane da karnuka. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Sai a ƙara da guzuri, da albarushi ga masu bindigar toka, da lasisin da dokar makamai ta 1959 ta wajabta, da abin da za a bar wa iyali.

Me ya sa nama ya daina biya

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A yau gudun ya ƙaru, zomon ya ragu. Gonaki da garuruwa sun cinye daji, manyan namu irin su gwanki da barewa sun yi ƙaranci ƙwarai, abin da karnuka ke kamawa ya koma zomo da gafiya da gyazbi da guza da ɗan abin da ba a rasa ba na gada. Inda nama ya saura kuwa doka ta rufe. An keɓe dajin Yankari tun 1956, dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta rarraba dabbobin da aka hana kashewa, dokar 1985 da aka gyara a 2016 ta tsaurara hukunci kan cinikin masu ƙarewa, kuma farauta haramun ce a gandun dajin ƙasa irin su Kamuku da Kainji. Ƙona daji don koro nama shi ma ƙa'idar muhalli ta 2011 ta taƙaita shi. Waɗannan dokoki suna da hujja, domin in ba su ba da babu abin da zai saura.

Sannan rashin tsaro ya rufe dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, ya sa mafarautan Arewa suna nausawa kudu neman inda za su yi sana'a. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo ranar 27 ga Maris, 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano don yin Sallah, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, ya nuna tsadar wannan nisa. Mutumin da ya bar Kano har bakin teku da karnukansa, ba nishaɗi ya kai shi ba.

Hanyoyin cike giɓi

Hanya mafi daɗewa ita ce noma. Mafarauci manomi ne da damina, rumbunsa ke ɗaukar karnukan har kaka. Wannan hanya tana da lafiya domin tana ɗaure shi da ƙasarsa, tana kuma iyakance yawan karnukansa daidai da ƙarfin gonarsa. Rauninta shi ne tsadar taki da ƙanƙancewar gonakin gado.

Ta biyu ita ce magani. Sanin itatuwa da saiwoyi gadon gidan farauta ne, kuma da yawa suna samun abin da ya fi kuɗin nama daga maganin sarar maciji da na shawara da na basir. Matsalar tana ɓullowa ne idan kasuwa ta koma neman fatu da ƙasusuwan dabbobin da doka ta kare, domin a nan kuɗin da ke ciyar da kare shi ke ƙarar da dajin da karen zai yi aiki a ciki.

Ta uku ita ce kwikwiyo. Karya mai asali, wadda aka san uwarta da gudu da jin ƙanshi, jari ce. A nan fiƙihu ya shigo. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta abin da horarriyar dabba ta kama idan an ambaci sunan Allah, hadisai kuma sun yarda a riƙe kare don farauta ko kiwo ko gona. Amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta kawo hani kan sayar da karnuka, tare da saɓanin malamai game da wanda aka yi izinin riƙewa. Sahnun, malamin Malikiyya, yana cikin waɗanda suka halatta. Wannan saɓani yana cikin abin da ya sa wasu mafarauta suka fi son kyauta da musaya da ba da riƙo, a raba 'ya'ya idan karya ta haihu. Risalar ta kuma bambanta farautar neman abinci, wadda halal ce, da ta wasa kawai, wadda makaruhi ce, bambancin da ya kamata mai kashe kuɗin cefane kan karnuka ya tuna.

Ta huɗu, wadda ta fi girma a yau, ita ce gadi da aikin tsaro. Tun da mafarautan Adamawa suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a Nuwambar 2014, darajar maharbi ta koma kan sanin daji fiye da kawo nama. Unguwanni da kasuwanni da gonaki suna ɗaukarsu, har a kewayen Abuja, musamman bayan sace-sacen mutane da aka yi a Bwari a farkon 2024. Kuɗin wata ya fi kuɗin nama tabbas, amma ba shi da yawa. Mafi ƙarancin albashi a hukumance naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma mai gadin gida sau da yawa ba shi da takardar da za ta tabbatar masa da ko wannan. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin kafa hukumar mafarauta da tsaron daji a 2022, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba.

Ta biyar ita ce ubangida, kuma ita ce mafi hatsari. Mai kuɗi ko ɗan siyasa yana iya biyan shatar mota da buhunan masara a zama ɗaya. Sai dai tarihin Kano ya nuna inda wannan ke kaiwa. Masu nazarin daba sun danganta wani ɓangare na asalinta da ƙungiyoyin farauta da 'yan tauri da siyasar jam'iyyu ta jawo jikinta tun zamanin NEPU da NPC. Matashin da ya saba karɓar kuɗi don a ga barandaminsa a taro, ba Sarkin Dawa yake saurare ba, mai ba shi yake saurare.

Darasi daga Ingila

Ko a Ingila, inda farauta da dawaki da karnuka ta zama alamar masu hali, nama bai taɓa biyan kuɗinta ba. Kowace ƙungiya tana da gidan karnuka ɗaya da ma'aikata, mambobi na biyan kuɗin shekara, baƙo na biyan na rana, ana shirya sukuwa da liyafa don tara ƙari, shugabanni su cike sauran. Manoma kuma suna riƙon 'yan kwikwiyo har su tasa, ƙungiyoyi da dama suna kwashe musu matattun dabbobi su ciyar da karnuka. Dokar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana farautar namun daji da karnuka a Ingila da Wales, amma ƙungiyoyi da yawa ba su watse ba, domin asusunsu na gama-gari ne. Bambancin a fili yake, can nishaɗi ne, nan neman abinci. Abin ɗauka shi ne tsarin: nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, an raba shi, an rubuta shi.

Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa karen farauta yana cin kuɗi duk shekara, yana kawo riba kaɗan a ɗan lokaci, kuma giɓin ba zai rufu da ƙara nisan tafiya ba. A cikin hanyoyi biyar da aka duba, noma da gadi mai albashi tabbatacce su ne ke barin mafarauci da mutuncinsa, kuɗin ubangida shi ne ke ƙwace shi. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin mafarauta su mayar da karo-karon ranar fita ya zama adashin shekara, a zuba da kaka lokacin da hatsi ke da araha, a sayi abincin karnuka a ajiye, a yi musu allura a rana ɗaya, a rubuta sunan kowane mamba da karnukansa. Hukumomi su ɗauki masu sanin daji aikin tsaron gandu bisa doka da albashi. Mazauna Maitama kuwa, wanda ke son taimakon wannan sana'a ya fara da biyan mai gadinsa haƙƙinsa cikakke a kan lokaci, sannan ya sa gudummawarsa a asusun ƙungiya a bainar jama'a, kada ya damƙa ta a hannun yaran da zai nema ranar zaɓe.