Tatsar Furotin Masu Riƙe Ƙarfe Daga Tsirrai

Furotin masu riƙe ƙarfe ƙananan sinadarai ne da tsiro ke haɗawa a jikinsa domin ɗaure ƙarfen da saiwarsa ta zuƙo daga ƙasa, ko mai amfani ne kamar tutiya da tagulla, ko guba kamar kadmiyam. Iri biyu aka fi sani. Metalotiyonin shi ne wanda Margoshes da Vallee suka fara samu a ƙodar doki a 1957, sannan a 1987 aka gano irinsa a ƙwayar alkama. Faitokilatin kuwa Grill da Winnacker da Zenk ne suka bayyana shi a Jamus a 1985, kuma tsiro kan ƙera shi daga gulutatiyon da zarar ƙarfe ya shige shi. Dukansu cike suke da sistayin, kibiritun da ke cikinsa ne ke damƙe ƙarfen.

Auna jimlar ƙarfen da ke cikin ganye ko saiwa ba shi da wuya: a ƙona samfur, a narkar da tokar da asid, a saka a na'ura. Tatsar furotin ta fi wannan wahala, domin ana so a fito da shi yana riƙe da ƙarfensa kamar yadda yake a cikin tsiron. Ta nan ake sanin ko tsiron ya killace gubar ne ko tana yawo a jikinsa.

Ana fara wanke saiwa sosai don kawar da ƙarfen da ya manne a bayanta. Sai a tsoma ta cikin ruwan naitorojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a daka a ƙaramin turmin tangaran har ta zama gari. Garin ana jiƙa shi da ruwan Tris mai pH kusan 8, a ƙara DTT don kada iska ta lalata kibiritun. Idan ruwan ya yi tsami, ƙarfen zai suɓuce, aikin ya tashi a banza. Bayan an juya cakuɗen a na'urar sentirifuj a digiri 4, akan ɗan dumama ruwan da ya taso sama: manyan furotin su dunƙule su kwanta, metalotiyonin ya rage domin yana jure zafi. Daga nan a tace shi ta bututun Sephadex, a auna ƙarfen kowane kaso da na'urar AAS, a gwada kibiritu da sinadarin Ellman.

A kudancin Kaduna batun ya shafi citta kai tsaye, wadda ake nomawa da yawa a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, ana fitar da ita ƙasashen waje. Takin zamani mai fosfet yakan ƙunshi ɗan kadmiyam. Yankin kuma ya daɗe da haƙar ma'adinai: wajen haƙar kuza aka tono kayan tarihin Nok a 1928, kuma a 2016 aka sanar da gano nikel a Dangoma da ke ƙaramar hukumar Jema'a. Shi nikel, tsirrai sun fi ɗaure shi da histidin da wasu ƙananan asid, don haka neman faitokilatin kaɗai ba zai nuna inda yake ba.

Citta kanta samfuri ce mai taurin kai. Tana da sitaci da mai da yawa masu gurɓata ruwan tatsa, ga kuma zinjibain, wani sinadari da ke yayyanka furotin, wanda shi ne ke sa citta ta tausasa nama. Dole a danne shi tun a turmi, in ba haka ba ya cinye abin da ake nema.

Game da inda za a yi irin wannan aiki, Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, Zariya kuma tana da cibiyar NARICT da ke Basawa da cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tukunyarta ta nukiliya ta fara aiki a 2004, ana auna ƙarafa da ita. Samfurin citta da aka tono a gona a kudancin Kaduna sai an daskarar da shi nan take, a riƙe shi a daskare duk tsawon tafiyar zuwa Zariya.